A Duba Lasisi Kafin A Karɓi Kyauta

A sana'o'inmu na gargajiya, da ma waɗanda zamani ya kawo, akwai wata al'ada wadda kowa ya san ta, watau ranar yaye. Yaro ya yi shekara uku ko huɗu a shagon tela, yana shara, yana sa maɓalli, har ya kai ga yanka yadi da kansa. Ran da aka yaye shi, iyayensa ko maigidansa sukan yi ƙoƙari su haɗa masa keken ɗinki da almakashi da abin awo, kuma daga wannan rana keken ya zama nasa. In ya ga dama ya ɗinka wa kansa, in ya ga dama ya ɗinka wa attajiri ya karɓi ladansa, in kuwa ya ƙaura daga Zariya zuwa Gusau sai ya ɗora keken a mota ya tafi da abinsa. Kamfanin da ya ƙera keken ba zai aiko masa da takarda bayan shekara biyu ya ce daga yau kowace rigar da ya ɗinka sai ya ba da kamasho ba.

Abin da ya sa muka kawo wannan misali shi ne, a yanzu ƙasar nan ta duƙufa wajen koya wa matasa wata sabuwar sana'a, watau rubuta manhajar kwamfuta da ta wayar hannu. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ma'aikatar Sadarwa da hukumar NITDA, ta ƙaddamar da shirin nan na 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani. Jihohi da dama su ma sun buɗe nasu cibiyoyin, ga kuma jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha waɗanda kowace shekara suke yaye ɗalibai a wannan fanni. Ana ta maganar yawan waɗanda aka horar da yawan kwamfutocin da aka raba. Tambayar da ba mu cika jin ana yi ba ita ce: ran da aka yaye waɗannan matasa, wane kayan aiki ne zai rage a hannunsu wanda za su iya cewa nasu ne?

Domin amfanin waɗanda ba su san sana'ar ba, mai rubuta manhaja yana bukatar kayan aiki kamar kowane mai sana'a, sai dai nasa kayan su ma manhajoji ne. Yana bukatar wadda zai yi rubutu da gyara a cikinta. Yana bukatar wata wadda za ta juya abin da ya rubuta zuwa harshen da na'ura take ganewa, wadda a nan za mu kira ta tafinta. Sa'an nan yana bukatar inda zai ajiye aikinsa, da inda zai gwada shi, da kasuwar da zai kai shi in ya gama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai shi, kuma yana zuwa da takardar izini, watau lasisi, wadda take faɗin wanda aka yardar wa ya yi amfani da shi, da irin aikin da aka yardar masa ya yi, da kuma har yaushe. Ita ce doguwar takardar nan ta Turanci wadda take fitowa a fuskar kwamfuta kowa ya danna amincewa ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba. A ganinmu, a yau ainihin farashin kayan aikin yana cikin wannan takarda ne, domin kuɗin da ake rubutawa a fili sau da yawa ya koma sifiri.

Rigimar ba ta yau ba ce, ta kai shekara hamsin. A 1975 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fito da kwamfuta mai suna Altair wadda mutum ɗaya zai iya saye ya ajiye a ɗakinsa, Bill Gates da abokinsa Paul Allen kuma suka rubuta mata tafintan harshen BASIC. Kafin a jima sai masu sha'awar kwamfuta a Kalifoniya suka shiga kwafe shi suna ba juna hannu da hannu, kamar yadda ɗalibanmu suke ba juna littafi su kai a buga musu hoto. A farkon 1976 Gates, yana ɗan shekara ashirin, ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa ta ƙorafi, ya ce waɗanda suka biya ba su kai kashi ɗaya cikin goma na masu kwamfutar ba, ya kuma kira abin da suke yi sata. Wasu daga cikinsu suka mayar da martani ta hanyar rubuta nasu ƙaramin BASIC suka buga shi a mujalla domin kowa ya kwafa. Tun daga wannan lokaci hanya ta rabu biyu, kuma har yau a kan waɗannan hanyoyi biyu ake tafiya.

A 1983 wani kamfani mai suna Borland ya nuna cewa akwai tsaka-tsaki. Ya fito da Turbo Pascal, wanda wani saurayi ɗan ƙasar Denmak, Anders Hejlsberg, ya rubuta, ya sa masa dala 49.95 a lokacin da ake sayar da makamantansa ɗaruruwan daloli. Abin da ya fi farashin burge mu shi ne lasisinsa, wanda aka rubuta da magana mai sauƙi: a ɗauki manhajar kamar littafi. Kana iya ara wa abokinka, kana iya ɗauke ta daga wannan kwamfuta ka kai waccan, muddin dai mutum biyu ba za su yi amfani da ita a wuri biyu a lokaci guda ba, kamar yadda mutum biyu a garuruwa biyu ba za su karanta kwafin littafi ɗaya a sa'a ɗaya ba. Wannan sharaɗi ne wanda ɗan aji uku na sakandare zai fahimta, ya kuma iya kiyayewa. Ɗalibai masu yawan gaske a duniya da shi suka koyi sana'ar, kamfanin kuma ya sami riba mai yawa. Wanda ya biya sau ɗaya ya mallaka ke nan, ba a sake bin sa bashi.

A wannan shekara dai ta 1983 Richard Stallman, wani masani a jami'ar MIT, ya ɗauki ɗaya hanyar har ƙarshenta. Ya yi shelar aikin GNU, da nufin samar da kayan aiki waɗanda kowa yake da 'yancin ya yi amfani da su, ya duba asalin rubutunsu, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1987 ya fito da tafintan GCC, a 1989 kuma aka fito da lasisin GPL domin ya tsare wannan 'yanci. Sharaɗinsa babba shi ne, in ka gyara manhajar ka kuma raba wa jama'a, to, tilas ka ba su asalin rubutun bisa sharuɗɗan da kai ma ka samu. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara Linux, a shekarar ce kuma Guido van Rossum ya fito da harshen Python. Akwai wani lasisin mai suna MIT wanda ya fi GPL sassauci, abin da kawai yake nema shi ne kada a goge sunan mai aikin da takardar izinin. Ya kamata mu gyara wani kuskure da ake yawan ji a bakin ɗalibai, har da wasu malamai, cewa wai wanda ya yi aiki da waɗannan kayan ba shi da ikon sayar da abin da ya rubuta. Yana da iko sarai. Wanda ya rubuta manhajarsa ya juya ta da GCC ko ya rubuta ta da Python, manhajar tasa ce, ya sayar da ita yadda ya so.

Da waɗannan kayan suka yaɗu, sai manyan kamfanoni suka ga sayar wa mai koyo tafinta ya daina zama ciniki. A 2005 Microsoft ya fito da wani ƙaramin Visual Studio na kyauta, a 2014 ya fito da babba mai suna Community, shi ma kyauta, a 2015 kuma ya kawo Visual Studio Code, wanda a yau da wuya ka shiga cibiyar koyon kwamfuta ba ka gan shi ba. Dandalin GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5, tun 2014 yake ba ɗalibai wani ƙunshi na kayan aiki kyauta. Ba ma raina wannan alheri, domin matasanmu da yawa da shi suka tashi. To, amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin sun gane cewa kayan da hannun mutum ya saba da su yana ɗan shekara goma sha tara, su zai nema in ya kama aiki, su zai sa ma'aikatarsa ta saya in ya zama darekta. Kyautar da aka ba shi yana ɗalibi jari ce aka zuba, kuma ba laifi ba ne kamfani ya zuba jari. Laifin namu ne in muka ɗauka sadaka ce.

Mu ɗauki sharuɗɗan da aka fito da Community da su a 2014, domin sun shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Mutum ɗaya yana iya amfani da shi ya rubuta manhaja ya sayar. Makaranta tana iya sa shi a ɗakin karatu ko a aikin bincike ga ko mutum nawa. Ƙaramin kamfani kuwa mutum biyar kaɗai aka yardar wa. Amma duk hukumar da take da kwamfuta fiye da 250, ko take samun fiye da dala miliyan ɗaya a shekara, ba a yardar mata ta yi aikinta na yau da kullum da shi ba. Ma'anar wannan ita ce, jami'a tana iya koyar da ɗalibai da shi da safe, amma in da yamma ma'aikatan sashenta na kwamfuta suka buɗe shi domin su rubuta manhajar biyan albashi ko ta tattara sakamakon jarrabawa, to, sun fita daga iyakar da aka shata musu. Manhaja ɗaya ce, a kan kwamfuta ɗaya, mai yiwuwa ma mutum ɗaya ne a zaune. Ma'aikatanmu nawa ne suka san da wannan bambanci? Wa ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani?

Lasisin ɗalibai ma haka yake, ko ma ya fi tsanani. Galibinsa na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi muddin mutum yana makaranta, kuma an hana yin aikin kuɗi da shi. Ɗalibar da ta karɓi kwangilar rubuta wa wani kantin magani manhajar lissafin kaya, ta yi aikin da lasisin ɗaliba, ta saɓa yarjejeniya tun a cinikinta na farko ba tare da ta sani ba. Ran da ta gama makaranta kuwa, watau daidai lokacin da ba ta da albashi kuma ba ta da uban gida, a ran nan ne kayan aikin zai rufe ƙofa ya nemi daloli. Daɗin daɗawa, shi kansa samun lasisin yana bukatar shaidar ɗalibta, musamman adireshin imel mai sunan makaranta, alhali kuwa makarantunmu da yawa ba sa ba ɗalibansu irin wannan adireshi. Shi kuwa yaron da yake koyo a shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko matar auren da take koyo a gida bayan yara sun yi barci, waɗannan ba su da katin makaranta ko kaɗan, saboda haka a idon kamfanin ba masu koyo ba ne.

Abu mafi muhimmanci shi ne, wanda ya rubuta sharaɗi yana da ikon sake shi, kuma an sha sakewa. A watan Satumba na 2015 kamfanin JetBrains, wanda kayansa suna cikin mafi kyau a wannan sana'a, ya ba da sanarwar daina sayarwa sau ɗaya, ya koma karɓar haya wata-wata ko shekara-shekara. Masu ciniki suka yi ca, har ya sassauta: wanda ya biya wata goma sha biyu a jere zai riƙe tsohon samfurin har abada ko da ya daina biya. A watan Nuwamba na 2022 Heroku, inda masu koyo marasa iyaka suke ɗora ayyukansu na farko kyauta domin duniya ta gani, ya rufe wannan ƙofa, yana mai kafa hujja da yawan masu zamba da cin zarafin kyautar. Darussa da littattafan koyarwa da aka gina a kansa suka tsufa dare ɗaya.

Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na Unity, kayan aikin da ake rubuta wasannin kwamfuta da na waya da shi. A watan Satumba na 2023 kamfanin ya ce zai fara karɓar kuɗi, har zuwa santi 20, a kan kowane saukewa da aka yi wa wasa, da zarar wasan ya wuce wani adadi na kuɗin shiga da na masu saukewa. Abin da ya tayar da hankali shi ne tsarin ya taɓa har wasannin da aka riga aka gama aka kai kasuwa bisa tsofaffin sharuɗɗa. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa kamfanin ya ja da baya cikin kwanaki kaɗan, shugabansa John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, sa'an nan a Satumban 2024 aka soke tsarin baki ɗaya. Masu wasanni a Turai da Amurka sun yi nasara ne domin suna da yawa, suna da lauyoyi, kuma suna da inda za su koma, domin da yawansu sun fara ƙaura zuwa Godot, wanda yake ƙarƙashin lasisin MIT. Ɗalibi a Birnin Kebbi ba shi da lauya, in kuma kaya ɗaya kaɗai aka koya masa, ba shi da inda zai koma.

Ma'aikatu kuwa su dubi abin da ya faru da harshen Java. A watan Janairu na 2023 kamfanin Oracle ya sake tsarin kuɗin samfurinsa na biya, ya koma ƙidayar dukan ma'aikatan hukuma, har da waɗanda ba su taɓa buɗe manhajar ba, farashin kuma ya fara daga dala 15 kowane ma'aikaci a wata. Sai mai karatu ya lissafa da kansa abin da wannan zai kama a ma'aikata mai mutum ɗari takwas. Alhali kuwa akwai OpenJDK, shi ma Java ne, yana ƙarƙashin GPL, ba a biyan ko kwabo. Sunayensu sun yi kama, aikinsu ɗaya, kuma ƙaramin ma'aikacin da aka aika ya sauko da Java ba lalle ne ya san wanne ya ɗauko ba.

Bayan an gama rubuta manhaja kuma sai a tarar da mai karɓar haraji a bakin kasuwa. Wanda yake son ya sa manhajarsa a kasuwar Apple zai biya dala 99 kowace shekara, in ya daina biya a sauke ta, kuma kayan aikin kamfanin na Xcode ba ya tafiya sai a kan kwamfutar Mac. Na Google ya fi sauƙi, dala 25 ne sau ɗaya, ko da yake daga Nuwamban 2023 an ɗora wa sababbin masu rajista da sunan kansu sharaɗin samo mutum 20 su gwada manhajar har kwana 14 kafin a sake ta, aka rage su zuwa 12 a ƙarshen 2024. Ga Ba'amurke dala 99 kuɗin cefane ne. A nan kuwa, tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 ta tashi daga wajen 460 kowace dala ta haura 1,500 a 2024. A kan wannan canji dala 99 ta kama naira 148,500, watau fiye da albashin wata biyu na wanda yake karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Dala 25 ɗin ma ta haura rabin albashin wata. Ko wanda yake da kuɗin a hannu ya sha wuya, domin a 2022 bankuna da dama sun taƙaita abin da katin naira zai saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 aka fara buɗewa. Matasa nawa ne suka gama aiki a waɗannan shekaru ya tsaya a kwamfutarsu saboda rashin hanyar biyan dala 25?

Yanzu kuma ga sabuwar haya ta shigo, ta mataimakan rubutu masu ƙirƙirarriyar basira. A 2022 aka sa wa GitHub Copilot dala 10 a wata, a ƙarshen 2024 aka ƙara wani mataki na kyauta mai iyaka. Muna ganin malamin da ya bar ɗalibinsa ya dogara da irin wannan tun kafin ya iya rubuta layi ashirin da kansa, ya ɗora masa bashin wata-wata ne na tsawon rayuwar aikinsa.

Mun san amsar da aka saba bayarwa a kasuwa, watau a je a sa wa mutum wadda aka ɓalle makullinta a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wannan ba mafita ba ce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta kare manhajar kwamfuta kamar yadda ta kare littafi. Ban da doka, irin waɗannan manhajoji su ne babbar hanyar da ɓarayin intanet suke bi su shiga kwamfuta, kuma kwamfutar mai rubuta manhaja tana ɗauke da sirrin duk wanda ya ba shi aiki. Sa'an nan akwai kunya a ciki: wanda yake fatan gobe a biya shi ladan abin da ya rubuta, da wane baki zai yi ƙorafi in aka kwafe nasa? Gates yana da gaskiya a wannan gefe tun 1976. Masu rubuta kayan aiki mutane ne masu iyali, kuma kamfani yana da haƙƙin ya sa wa kayansa farashi.

Haka nan ba za mu ce kayan 'yanci ba su da nasu nauyin ba. Suna bukatar malamai waɗanda suka iya su, da masu kula da su, kuma wasu lokuta sun fi wuyar girkawa. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya yi shekaru a kai, sa'an nan a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. A ɗaya gefen kuma, Jihar Kerala ta Indiya ta ɗora makarantunta na gwamnati a kan kayan 'yanci tun shekarun 2000 ta kuma ɗore, domin ta fara ne da horar da malamai da rubuta littattafan da suka dace. Gaskiya ne kuma cewa masu ɗaukar ma'aikata sukan nemi wanda ya san kayan kamfanoni, saboda haka ba ma cewa a hana ɗalibi ganinsu. Abin da muke cewa shi ne a san wanne ne harsashi, wanne ne ado.

Bisa ga haka, muna kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i da Hukumar Ilimin Fasaha, da masu tafiyar da shirin 3MTT, su sa ƙa'ida cewa darussan farko na rubuta manhaja za a koyar da su ne da kayan da ɗalibi zai iya fita da su daga ƙofar makaranta, ya yi aikin kuɗi da su, ba tare da neman izinin kowa ba. Python da GCC da OpenJDK da Git sun cika wannan sharaɗi, kuma suna da wata fa'ida wadda ta dace da halin da muke ciki: doka ta yarda a zuba su a filashi ɗaya a girka wa kwamfuta ɗari, suna kuma aiki ba tare da intanet ba, saɓanin kayan haya waɗanda sukan nemi a haɗa su da kamfani lokaci lokaci domin a tabbatar an biya. A nuna wa ɗalibi bambancin Git, wanda yake zaune a kwamfutarsa ba mai iya ƙwace shi, da GitHub, wanda kamfani ne a ƙarƙashin dokar Amurka, kuma a 2019 ya taƙaita asusun masu amfani da shi a Iran da Siriya saboda takunkumi. Wanda ya ƙware a harsashi, koyon kayan kamfani ba zai ɗauke shi fiye da 'yan makonni ba.

Kowace makarantar gaba da sakandare ta ba ɗalibanta adireshin imel mai sunanta. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma rashinsa yana hana ɗalibai abin da takwarorinsu a wasu ƙasashe suke samu a banza. A kuma sa darasi, ko da na mako biyu ne, a kan karanta lasisi, a zauna da takardun GPL da MIT da lasisin ɗalibai guda ɗaya a bi su sakin layi bayan sakin layi. Sassan Hausa na jami'o'inmu za su yi aikin alheri in suka haɗa kai da sassan kwamfuta da na shari'a suka fitar da bayanin waɗannan takardu da Hausa domin masu koyo a wajen makaranta.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, nauyin ya fi yawa, domin su ne masu sa hannu. Sau da yawa kamfani yakan zo da tayin horar da matasa kyauta, a yi biki, a ɗauki hoto, a rattaba hannu a kan yarjejeniya. Kafin babban sakatare ya sa alƙalami, ya tambaya a rubuce: wannan lasisi na shekara nawa ne, me zai faru da ɗalibi in an yaye shi, ko an yardar masa ya yi aikin kuɗi da kayan, nawa ne kuɗin sabuntawa kuma da wane kuɗi za a biya, wa yake da ikon sake sharuɗɗa kuma da sanarwar kwana nawa. Ƙasar nan tana da hukumar NOTAP, wadda asalinta ya koma 1979, kuma aikinta ya ƙunshi rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, har da na manhaja. Bai kamata yarjejeniya ta kuɓuce wa bincike don kawai an rubuta kyauta a samanta ba. Jihohin da suke ware kuɗin bikin yaye ɗalibai kuma, su rage kaɗan daga kuɗin rumfa da na abinci su biya wa waɗanda suka gama manhaja mai aiki dala 25 ta rajistar kasuwa, su kuma haɗa su rukuni-rukuni na mutum goma sha uku domin kowa ya sami masu gwada masa aikinsa na kwana 14.